Limamin cocin da ke karanta gajimare

Tambaya: Malam, na ji an ce a da can akwai wani limamin coci a Sifaniya da ya shahara da hasashen yanayi, alhali bai yi karatun fannin ba. Gaskiya ne, ko duba yake yi?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma babu duba a ciki ko kaɗan. Sunansa Juan Miguel Orcolaga, haifaffen garin Hernani a yankin Basque, shekarar 1863. Ya yi limanci a Zarautz, wani gari na bakin teku, shi ya sa aka fi saninsa da "Limamin Zarautz". Shi ya koya wa kansa ilimin yanayi: ma'aunin nauyin iska a gabansa, saƙonnin wayar tangaraho daga wasu tashoshin lura da yanayi a hannunsa, idonsa kuma kullum na kan gajimare.

Abin da ya hana shi sakat wata guguwa ce da mutanen wurin ke kira galerna. Rana ce za ta ƙwalle, teku ya kwanta luf, masunta su yi nisa da kwale-kwalensu, sai kwatsam iska ta juyo daga arewa maso yamma, sanyi ya sauko, igiyar ruwa ta tashi tana kifar da jirage. Da hasashensa na guguwar watan Nuwamban 1900 ya tabbata, sunansa ya bazu. Masu digiri sun yi ta kushe shi, amma masunta sun riƙe shi hannu bibbiyu, har hukumar lardin Gipuzkoa ta mara masa baya aka buɗe tashar lura da yanayi a tudun Igeldo, kusa da birnin San Sebastián, a 1905.

Wurin da labarinsa ke sosa min rai shi ne daren 12 ga Agustan 1912. Ya hango guguwar, ya aika gargaɗi zuwa tashoshin jiragen ruwa. To amma masu kamun kifin tuna sun riga sun lula tsakiyar teku, kuma babu rediyo a jiragensu. Saƙon ya iso gaɓa, ya rasa mai kai shi. Mutum 143 suka rasu, 116 daga ciki 'yan gari ɗaya ne, Bermeo. Ka ƙiyasta yawan gidajen makoki a ƙaramin gari irin wannan.

Shi ma bai daɗe ba, ya mutu a 1914. Tashar Igeldo kuwa har gobe ana auna iska da ruwan sama a cikinta.