Yaya, ga dalilin da ya sa muke fita tattaki a Manchesta

Yaya, bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya ke da Alhaji da yara. Kin tambaye ni abin da ke fitar da matan aure, har da masu jikoki, su bi hanya cikin sanyi suna sauri kamar an aike su, kin ce a Tudun Wada da an ga haka sai a tambaya ko lafiya. Lafiyar ce muke nema.

Zaman nan ba ya sa mace motsi. Inji ke wanki, cefane ana kawo shi har ƙofa, mota ke kai yara makaranta. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, sai mace ta yi mako ba ta wuce kicin da falo ba. Abinci kuwa ba mu rage komai ba, tuwon shinkafa ne da masa da soye-soye yadda kika san mu. Da hawan jini da ciwon suga suka fara yawa a cikinmu, kowacce ta je wurin likita maganar ɗaya ce: nawa kike tafiya a mako? A nan ana kiran mutum gwajin lafiya duk shekara 5 daga shekara 40 zuwa 74, don haka ba yadda za a yi ki kauce wa tambayar.

Mun lura idan aka bar kowacce ita kaɗai ba za ta fita ba, shi ya sa muka mayar da abin zumunci. Ranar Asabar da hantsi muke haɗuwa a filin shaƙatawa, kowacce da hijabinta da rigar sanyi da kambas, mu yi kamar awa guda. A nan ake karɓar zubin adashi, a nan ake jin wadda ta haihu da wanda ya rasu a gida, ɗan gulma ma ba a rasa ba. Wadda ba ta zo ba sai ta sha waya. Sharaɗin kawai a yi sauri yadda za ki iya magana amma numfashinki ba zai bar ki rera waƙa ba. Masu ciwon gwiwa suna zuwa ninƙaya a sa'o'in da ake ware wa mata zalla. Da azumi muna rage sauri, ko mu bari sai bayan tarawihi. Mazan da suka fara gunaguni yanzu wasunsu sun fi mu zumuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na irin wannan motsi, wato rabin awa kwana 5. Amfaninsa ga zuciya tsohon zance ne a ƙasar nan. Tun 1953 wani likita mai suna Jerry Morris ya duba ma'aikatan bas-bas masu bene na Landan, ya ga kwandastocin da ke hawa da sauka sun fi direbobin da ke zaune tsira daga ciwon zuciya. Tafiya na sauke hawan jini, tana taimaka wa jiki sarrafa suga.

Amfanin motsa jiki wajen rage haɗarin sankarar mama ne mutanenmu ba su cika sani ba. Bayan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta ne ke samar da yawancin istirojin, wato sinadarin jikin mata, kuma yawan wannan sinadari na ciyar da wasu nau'o'in wannan cuta. Motsa jiki na rage kitsen, yana kuma rage yawan insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga, a jini. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda muke yabon ƙiba, a ce wance ta murje tana cikin hutu. Amma ki riƙe wannan: rage haɗari yake yi, ba ya hana cutar ɗungurungum. Nan ma duk shekara 3 ana kiran mata daga shekara 50 zuwa 71 ɗaukar hoton mama, muna kuma zuwa. Duk wadda ta ji ƙullutu ta nufi asibiti, Barau Dikko na nan kusa da ku, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe.

Kin ce ku aikin gida ya ishe ku. Na Inna ya ishe ta, ita da ta yi surfe da daka da jan ruwa a rijiya. Ke markaɗe inji ke yi, shara 'yar aiki, zuwa Kasuwar Barci ma Keke Napep kike tarewa. Ba sai kin je Murtala Square da asuba ba, ko da yake mata na zuwa. Ki samu maƙwabta biyu ku riƙa takawa zuwa Islamiyya da dawowa, kafin rana ta yi zafi. Tunda kina shan maganin hawan jini, ki fara da minti 10, ki kuma sanar da likitanki. Ki turo mini lambar takalminki, akwai mai tahowa Kaduna ƙarshen wata.