Halwar 'Yan Sanda: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan halwar da ake shirya wa 'yan sanda, wato keɓewa na 'yan kwanaki don hutu da ibada. Likitan ƙwaƙwalwa da malaman addini masu aiki da jami'an tsaro ne suka haɗu suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Shekarata 14 ina aikin ɗan sanda. Ko a gidana ba na iya zama na ba ƙofa baya, barcina bai wuce awa huɗu, kuma idan na dawo daga aiki ba na son kowa ya yi mini magana, har 'ya'yana. An ce in je halwa ta kwana uku. Me ake yi a can, kuma me kwana uku za su tsinana mini? — Wani Sufeto

Yallaɓai, abin da ka lissafa ba mugun hali ba ne. Jiki ne da ya saba zama cikin shirin ko-ta-kwana. A bakin aiki sinadaran adiranalin da kotisol suna ɗaga bugun zuciya, suna sa ido da kunne su kasa kwanciya. Da ka tuɓe kaki sai jikin ya zube gaba ɗaya, shi ya sa iyali ke ganin kamar an zare maka laka. Kafin ya farfaɗo an sake kiranka duti. Amfanin halwa na farko shi ne ta katse wannan zagayen.

Halwar da aka tsara da kyau tana ɗaukar kwana uku zuwa biyar, da mutum takwas zuwa sha biyu. In sun fi haka ta zama taro. Bindiga tana zama a ma'ajiyar makamai, kaki a gida, waya kuma a hannun masu shiri, a ba iyali lamba ɗaya ta gaggawa. Muƙami ma a ƙofa ake ajiye shi, kuma nan ne masu shiryawa suka fi yin kuskure: idan aka zaunar da kofur kusa da ogansa, ba abin da zai fito daga bakinsa sai "lafiya lau". Kafin ka amince, tambayi su wa za ku zauna tare.

Ranar farko ta barci ce. Kada ka yi mamaki idan daren farko ya fi na gida wahala, domin shiru yana tono abin da hayaniyar aiki ta binne. Saboda haka ba ma ba sabon shiga shawarar halwar da ake yini cur ba a magana. A fara zaman shiru da minti 10, a kai shi 20 ko 30 a rana ta uku. In rufe ido yana tayar maka da hankali, bar shi a buɗe, ka zauna inda kake hango ƙofa. Ba wurin gwada jarumta ba ne.

Da safe a yi tafiyar ƙasa ta minti 30 zuwa 40 cikin hasken rana, domin hasken safe ne ke gyara agogon jikin da aikin dare ya birkita. Sau uku a yini a yi atisayen numfashi: ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, saki a hankali kana ƙirga shida, na tsawon minti biyar. Tsawaita fitar da iskar ne ke sassauta bugun zuciya. In jiri ya kama ka, kana zuƙa da ƙarfi fiye da kima ne, rage. Kofi da lemon ƙara kuzari a daina su daga tsakar rana, saboda kusan rabin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar. Amma wanda ya saba da su kada ya yanke lokaci ɗaya, ciwon kai zai cinye masa halwar.

Ibada kuwa a yi ta da sauƙi. Musulmi ya tsayar da sallolinsa cikin natsuwa, ya yi zikiri da karatu gwargwado. Kirista ya yi addu'a da karatun Zabura. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauko mutumin da ya yi shekaru yana bashin barci a ce ya raya dare duka, ya kuma tashi da azumin nafila. Jiki yana da haƙƙi a kan mai shi. Sannan kowa ya samu ganawa ta kusan minti 45 shi kaɗai da malami ko mai ba da shawara. A zaman da'ira ba a tilasta wa kowa ya fayyace abin da ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan a tara mutane bayan tashin hankali a sa su zayyana komai a zama ɗaya, domin ba ya hana ciwon da ke biyo bayan tashin hankali, wani ma yakan ƙara masa.

Kwana uku ba za su wanke shekara 14 ba. Za su nuna maka yadda jikinka yake idan ya huta, wanda wataƙila ka manta. Inda aka fi yin asara shi ne komawa: mutum ya fito ranar Lahadi ya shiga sintirin dare ranar Litinin. Nemi hutunka da rarar kwana ɗaya a gida, ka fito da abu biyu kacal da za ka riƙe, misali numfashin nan kafin ka shiga gida da tsayayyen lokacin kwanciya, kuma a sa ranar da za a sake tuntuɓarka bayan mako biyu.

Wata biyar ke nan da aka kashe abokin aikin maigidana a gabansa. Yana firgita cikin barci, ya koma shan tiramadol, wani lokaci da giya. Sau ɗaya ya ce da ma shi aka kashe. Zan iya lallaɓa shi ya je halwa? — Matar wani ɗan sanda

Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya. Halwa ta jira tukuna, likita ne farko, kuma a cikin makon nan.

Maganar da ya faɗa ba a wuce ta. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. In ya ce e, ko ya yi shiru irin wanda bai kwanta miki ba, kada a bar shi shi kaɗai, kada bindiga ta kwana a gidan, a kawar da tarin ƙwayoyi, a kai shi asibiti a ranar. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya raka ku.

Dalili na biyu shi ne abin da yake sha. Wanda ya saba da giya kullum, idan ya yanke kwatsam, karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga irin ta farfaɗiya kan iya biyo baya cikin kwana biyu, ruɗewar hankali mai haɗari ga rai kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu. Ki duba, daidai tsawon halwar ke nan, a wurin da babu likita. Tiramadol shi ma a hankali ake janye shi, haɗa shi da giya kuwa yana iya danne numfashi.

Firgita da munanan mafarkai da suka wuce wata ɗaya suna nuni ga ciwon da ke biyo bayan tashin hankali, kuma yana da magani. Akwai jinyar tattaunawa da ƙwararre wadda ke fuskantar abin da ya faru daki-daki, yawanci zama 8 zuwa 12, akwai kuma wadda ake kira EMDR, inda ake tuna abin da ya faru ana motsa idanu bisa jagorancin ƙwararre. Addu'a ba ta tsaya ba duk tsawon wannan. Idan likita ya ga ya daidaita, halwa za ta yi masa amfani sosai, kuma ya tafi da magungunansa. Duk wurin da aka ce ya ajiye magani don nuna ƙarfin imani, ku juya.

Na harbi mutum a bakin aiki. An bincika an wanke ni, amma zuciyata ba ta wanke ni ba. — Wani Saje

Yallaɓai, naka ba tsoro ba ne, nauyi ne, kuma nan ne halwa take da amfani. Ka nemi malamin da zai saurare ka har ƙarshe ba tare da ya yi saurin cewa "ai ƙaddara ce" ba. Kalmar gaskiya ce, amma in ta zo da wuri rufe baki take yi. Ku rarrabe abu uku a takarda: abin da ka sani a lokacin, abin da ka sani daga baya, da abin da yake hannunka yanzu na tuba, sadaka ko gyara. Yawancin azabar tana fitowa ne daga hukunta kai da ilimin da bai zo ba sai bayan an gama.

A yi wannan a ganawar sirri, ba a da'ira ba. Dokar kare sirrin da aka faɗa wa malamin addini ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka in akwai sauran shari'a a gaba, fara ganin lauyanka.

Ba a ba mu hutu. Akwai ta gajeren zango? — Wata Kofur

Akwai, Malama. Ranar da ba ki da duti, ware awa huɗu a wuri mai shiru da ba gidanki ba, waya a kashe: tafiya minti 30, numfashi minti biyar, ibada, barcin rana da bai wuce minti 30 ba don kada ya ɓata na dare, sai ki rubuta abin da ke cin ranki a shafi ɗaya. Yi haka sau ɗaya a wata, ki sanar da mutum ɗaya inda kike da lokacin da za ki dawo.