Amsa ga Malam: yadda Niyok ta mayar da yara makaranta a lokacin korona, da yadda mutanenmu suka karɓi abin

Malam, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ɗalibai. Ka tambaya yadda aka yi birnin da ya fi ko'ina jin jiki a Amurka a farkon korona ya riga sauran manyan birane mayar da yara aji, sannan ko mu Hausawa mazauna nan mun yarda mun tura namu. Tambayar tana da nauyi, domin Niyok ce ke da hukumar makarantun gwamnati mafi girma a ƙasar, yara kusan miliyan 1.1 a wancan lokacin, kuma mafi yawan 'ya'yanmu a cikinsu suke.

An tabbatar da mai cutar na farko ranar 1 ga Maris 2020, aka rufe makarantu ranar 16. Kafin tsakiyar Afrilu mutuwa a jihar Niyok ta kusa 800 a rana guda. Asibitin Elmhurst na Queens ya cika, aka mayar da babban zauren taro na Javits asibiti, jirgin ruwan asibiti na soja ya iso ranar 30 ga Maris, aka jera manyan motoci masu firji a bayan asibitoci saboda ɗakunan ajiye gawa sun cika. Bronx, inda jama'armu suka fi yawa, ita ta fi kowane yanki na birnin yawan mutuwa idan aka kwatanta da yawan mutanenta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sana'o'inmu tuƙin tasi ne, da kula da tsofaffi a gidajensu, da kai saƙon abinci, da gadi, da shara a asibiti, kuma babu ko ɗaya da ake yi daga ɗaka. Ga gidan haya mai ɗaki biyu ko uku da banɗaki ɗaya, da miji da mata da yara da baƙon da bai sami wurinsa ba tukuna. Idan likita ya ce ka killace kanka, a ina? Shi ya sa daga baya birnin ya riƙa ba da ɗakin otal kyauta ga wanda ya kamu. Da yawa cikinmu sun ƙi zuwa, don a ganinmu barin mara lafiya shi kaɗai rashin zumunci ne, kuma wannan ƙin ya jawo gida guda ya kwanta gaba ɗaya.

Abu na farko da hukuma ta gane shi ne makaranta a nan ba wurin karatu kaɗai ba ce, wurin cin abinci ce kuma wurin reno. Saboda haka ko da aka rufe azuzuwa ba a rufe kicin ba. An ware makarantu fiye da 400 ana raba abinci sau uku a rana, ka zo ka ɗauka ka tafi, ba a tambayar katin shaida. Akwai na halal, aka kuma ƙara shi da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. An buɗe wasu cibiyoyi na renon 'ya'yan ma'aikatan jinya da direbobin bas da na jirgin ƙasa. An ba da aron iPad kimanin 300,000 masu intanet a jikinsu. Inda aka yi ta tuntuɓe shi ne takardun neman na'urar da saƙonnin makaranta. A lokacin hukumar na fassara su zuwa harsuna tara, har da Faransanci da Larabci, amma babu Hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko sun ɗan samu sauƙi. Uwar da ba ta karanta ko ɗaya sai ta jira babban yaro, ko wani ya karanta takardar ya tura bayaninta da murya a WhatsApp na masallaci. Wannan saƙon murya ya fi kowace takarda aiki a cikinmu.

Namu al'amuran ma sun tsaya. Ba jam'i, ba Juma'a, ba tarawihi, ba buɗa-baki na taro, Idin ƙaramar Sallah kowa a falonsa. Jana'iza ta fi ciwo. An taƙaita masu halarta zuwa mutum goma, malamai da yawa suka ba da fatawar taimama inda wanka ya gagara, kuma kai gawa gida ya tsaya tunda babu jirgi. Zaman makoki ya koma waya. Islamiyyar Asabar da Lahadi ta koma Zoom, malam na biyawa yaro na maimaitawa. Ka riƙe wannan, domin iyayen da suka ga haka su ne aka ce wa a watan Satumba su turo 'ya'yansu.

Ga tsarin buɗewar. Iyaye ke zaɓa: ko karatu daga gida zalla, ko gauraye. A gaurayen ana raba aji gida biyu ko uku, kowane rukuni ya zo kwana ɗaya zuwa uku a mako, sauran kwanakin a gida. Tazarar ƙafa shida tsakanin tebur da tebur ita ta sa dole a raba, don ajin da ke ɗaukar yara talatin ya koma ɗaukar tara zuwa goma sha biyu. Kowa da takunkumi, abinci a cikin aji, rukuni ba ya cuɗanya da rukuni, kuma kowace safiya a cike takardar lafiya a waya kafin a shiga ƙofa. An sa ranar 10 ga Satumba, aka ɗaga sau biyu, aka buɗe daki-daki: 'yan nazare da yara masu buƙata ta musamman ranar 21, firamare ranar 29, na gaba da su 1 ga Oktoba. Abin da ya jawo jinkiri na biyu lissafin malamai ne. Darasi ɗaya ya zama yana bukatar mai koyar da waɗanda suka zo, da mai koyar da rukunin da ke gida a ranar, da mai koyar da 'yan gida zalla. Ƙungiyar shugabannin makarantu ta ce ana bukatar ƙarin malamai 10,000. Har aka samu yaro ya zo makaranta ya zauna gaban kwamfuta, malaminsa na wani wuri.

Iska ita ce aka fi raina wa da farko, ita ce kuma ta fi muhimmanci. Cutar ta numfashi take bi, saboda haka goge tebur da feshi ba su kai buɗe taga ba. Gine-ginen makarantun nan da yawa tsofaffi ne, wasu tagogin fenti ya manne su shekara da shekaru, wasu fankokin zuƙe iska sun mutu. Aka tura masu dubawa aji-aji, kuma ɗaya daga gwajin da suka yi shi ne ɗaura takardar banɗaki a bakin sanda a kara ta a mashigar iska a ga ko za ta motsa. An yi wa gwajin ba'a, da gaskiyar masu ba'ar, tunda yana nuna iska na motsi amma ba ya nuna nawa. Duk da haka ya tona ɗakunan da ba su da iska ko kaɗan, aka rufe su, aka ma hana shiga wani babban gini a Manhattan gaba ɗaya. Daga baya aka sa na'urar tace iska biyu a kowane aji. Da hunturu ya shigo sai taga a buɗe ta zama azaba, yara suna rubutu da rigar sanyi da hula.

Sai gwaji. Ba masu zazzaɓi kaɗai ake gwadawa ba, tunda mutum kan yaɗa cutar bai ji komai ba. Daga Oktoba ma'aikata na zuwa kowace makaranta sau ɗaya a wata su zaɓi kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na yara da malamai ba tare da an san wa za a zaɓa ba, su saka gajeren tsinken auduga a bakin hanci. Daga Disamba ya koma kashi 20 kowane mako, kuma yaron da iyayensa ba su sa hannu a takardar amincewa ba sai ya koma karatun gida. A nan mutanenmu suka yi ta ja da baya. Wasu na tsoron dogon tsinken asibiti ne za a cusa wa yaro. Wasu, waɗanda takardun zamansu ba su kammala ba, na gudun duk wata takarda mai suna da adireshi, ko da yake hukuma ta faɗa ba ta tambayar matsayin zaman kowa. Inda liman ya tsaya bayan salla ya yi bayani da Hausa, sa hannu ya fi sauƙi. Sakamakon kuwa ya kwantar da hankali: cikin mutum fiye da 230,000 da aka gwada a makarantu daga Oktoba zuwa Disamba 2020, kimanin huɗu cikin dubu ne aka samu da cutar.

Dokokin rufewa biyu ne suka fi wahalar da iyaye, kuma a ganina dukansu an yi su da kyakkyawar niyya amma ba a auna su daidai ba. Ta farko, magajin gari Bill de Blasio ya yi alkawarin rufe dukkan makarantu idan masu kamuwa a gwajin birni suka kai kashi 3 cikin 100 a matsakaicin kwana bakwai. Aka kai, aka rufe ranar 19 ga Nuwamba da sanarwar ƙasa da kwana guda, alhali ana cin abinci cikin gidajen sayar da abinci, kuma gwajin makarantun kansu na nuna suna da sauƙi. Ma'aunin gari ne aka yanke wa aji hukunci da shi. Aka jingine dokar, firamare ta dawo 7 ga Disamba, ƙaramar sakandare 25 ga Fabrairu 2021, babbar sakandare sai 22 ga Maris. Ta biyu, idan mutum ɗaya ya kamu a rufe ajinsa, idan biyu suka kamu a azuzuwa daban kuma ba a gano alaƙarsu ba a rufe ginin duka, da farko mako biyu, daga baya kwana goma. A makaranta mai yara dubu samun mutum biyu ba wuya, ko da a gida suka ɗauko. Uwar da ke kwana wurin tsohuwar da take kula da ita sai ta ga saƙo da dare cewa gobe ba makaranta. Sai a Afrilu 2021 aka ɗaga zuwa mutum huɗu.

Wannan rashin tabbas, da tsoron kawo wa kaka cuta gida, su suka sa mafi yawan yaran birnin suka zauna gida a waccan shekarar, kuma namu da yawa na ciki. Ba kyauta aka yi zaman ba. Yara uku a ɗaki ɗaya kowa da malaminsa na magana, babbar yarinya na reno tana karatu, wanda bai daɗe da zuwa ba Turancinsa ya tsaya cak. Ƙananan da suka fara koyon karatu ta allon iPad su aka fi ganin giɓin a kansu.

Ranar 13 ga Satumba 2021 kowa ya koma, kwana biyar, babu zaɓin gida. An rage tazara zuwa ƙafa uku, an wajabta wa malamai da ma'aikata allurar riga-kafi daga farkon Oktoba, 'yan shekara 5 zuwa 11 suka samu tasu a Nuwamba. Da nau'in Omicron ya taso a Disamba, masu kamuwa suka wuce duk abin da aka taɓa gani, amma ba a rufe ba. Daga 3 ga Janairu 2022, idan wani ya kamu a aji, ana ba sauran kayan gwajin gida guda biyu, ɗaya a yi a ranar, ɗaya a rana ta biyar, wanda ya fita lafiya ya ci gaba da zuwa. Ranar farko kusan kashi ɗaya cikin uku na yara ba su zo ba, malamai da dama na kwance, aka riƙa haɗa azuzuwa a babban ɗaki, wanda shi kansa ya saɓa wa manufar. An cire dokar takunkumi ranar 7 ga Maris 2022.

Kan tambayarka ta ƙarshe, Malam, ko akwai abin ɗauka ga makaranta irin taku mai yara tamanin a aji: gwajin mako-mako da na'urar tace iska kuɗi ne mai yawa, kada ka ɗora shirinka a kansu. Amma iskar da muka sha wuyar nema ku kuna da ita. Tagogi biyu masu fuskantar juna a buɗe da ƙofa a buɗe, ko darasi a inuwar bishiya, sun fi ajinmu na hunturu. Raba aji zuwa 'yan safe da 'yan yamma ya fi tsarinmu na kwana-kwana, domin malami ɗaya ke koyar da duka kuma kowane yaro na zuwa kullum. Ka riƙe rajistar wanda ke zama kusa da wa, yaro mai zazzaɓi ya zauna gida ba tare da an hukunta shi kan fashi ba, idan rufewa ta kama a rufe ajin da abin ya shafa kaɗai, kuma a sanar da iyaye ƙa'idar tun kafin a buɗe, ta bakin liman da mai unguwa, da Hausa.