Amsa kan tiyatar yaro mai hemofiliya

Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce ya gaji hemofiliya, wato cutar da jini ba ya daskarewa da wuri, za a yi masa aikin ƙaba a Garwa, kina tsoron morfin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Ki kwantar da hankalinki: morfin da ɗan'uwansa fentanil ba sa tsinka jini. Numfashi suke ragewa, shi ya sa ake sa masa ido bayan aiki. Abin gudu shi ne asfirin, ibuprofen, diclofenac da allurar tsoka. Allurar kashin baya ma haɗari ce, jini kan taru ya danne laka. Tun kafin ranar, ki sanar da likitan da zai sa shi barci, a tanadi fakta 8 ko 9, wato sinadarin da ke sa jini ya daskare, gwargwadon nau'in ciwonsa. Don Allah kar ki saya masa maganin ciwo a kasuwa.