Amsa ga ƙanenmu mai walda kan izinin aiki a Saudiyya

Assalamu alaikum jama'ar gurup, ina kwananku, ya iyali, ya Damagaram. Wannan muryar amsa ce ga ƙanenmu mai walda na Garin Malam, wanda ya yi tambaya jiya da dare. Ya ce wani ya yi masa tayin bizar Saudiyya, wadda suke kira biza hurra: ya biya kuɗi ya tafi, in ya sauka ya nemi aikinsa da kansa, igama kuma, wato katin izinin zama a ƙasar, daga baya. Yana tambaya ko ya saida injinsa ya cika kuɗin.

Ƙanena, kar ka saida. Ka saurare ni da kyau.

A dokar ƙasar nan babu wata biza mai wannan suna. Abin da ke faruwa, mutum ne yake da rajistar kamfani, sai ya fiddo bizoji da sunan yana buƙatar ma'aikata, ya saida su. A takarda kai yaronsa ne, alhali ba shi da aikin ba ka. Dokar aikinsu kuwa ta hana ka yi wa kowa aiki in ba wanda sunansa ke kan igamarka ba, ta kuma hana ka yi aikin kanka. To ka ga tun ranar farko a kan laifi kake. In aka kama ka a garejin wani, sai Shumaisi, gidan tsare waɗanda za a kora gida, can tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki yatsunka a maido ka, a hana ka komawa. In kuma kuka saɓa da kafilin, wato wanda sunansa ke kan igamarka, kan kuɗin da yake karɓa a hannunka duk wata, sai ya kai rahoto cewa ka gudu, wato hurub, shi ke nan ka zama ba ka da takarda. Bizar umra ma haka, ba a aiki da ita sam.

Hanya ta gaskiya, ba kai ke neman izinin aiki ba, mai ɗaukarka ke nema. Shi zai fiddo biza daga ma'aikatar ƙwadagonsu, ya shigar da kwantiragi a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar, kai ka duba ka amince. In ka sauka ya kai ka gwajin likita, yana da kwana 90 ya fiddo maka izinin aiki da igama. Kuma kuɗin duka a wuyansa suke, haka dokar ta ce: na ɗauko ka, na igama, na izinin aiki, na sabuntawa, har tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare. Harajin izinin aiki kaɗai riyal 700 ne ko 800 kowane wata, a shekara ya kai 9,600, ya haura miliyan ɗaya na sefa. Kamfanin da ke buƙatar hannunka da gaske zai biya, don ya san me zai samu. Wanda ya ce kai za ka biya, ba walda yake nema a wurinka ba.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne, don nan ne yaranmu masu sana'a ke faɗawa. A kan biza akwai wurin da ake rubuta mihna, wato sana'arka. Abin da aka rubuta nan shi zai hau igama, shi ne kai a idon hukuma. Dillali zai ce maka, a'a, karɓi ta direban gida ko ta makiyayi, ta fi sauƙin fita, in ka je a canza. Wallahi kar ka yarda. Tun 14 ga Maris 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, wato ɗaure ma'aikaci ga kafilinsa: ma'aikacin kamfani in ya cika shekara yana iya sauya wurin aiki ba tare da yardar kafili ba, yana iya neman bizar fita da dawowa da kansa a Absher, manhajar gwamnatinsu ta waya, in an hana shi albashi wata 3 a jere ma yana iya tashi. Amma wannan sassaucin bai shafi direban gida ba, da mai gadin gida, da makiyayi, da mai aikin gona, da 'yan aikin cikin gida. Kai da ka share shekaru kana shan hayaƙin walda, har idonka ya sha wuya, ka yarda a rubuta ka makiyayi? Haƙƙin da doka ta ba mai sana'a kenan ka ajiye tun daga Yamai. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don hannun yaran garin nan ba na wasa ba ne.

Sannan ka sani, tun 2021 suna yi wa masu sana'ar hannu jarrabawa, walda, lantarki, famfo da sauransu, ta rubutu da ta aiki. Wannan ba abin tsoro ba ne gare ka, sai dai ka ƙara gyara hannunka, ka koyi sunayen kayan aiki da ƙa'idojin kariya.

Kafin nan ka haɗa abin da ke hannunka: fasfo mai sauran kwana da yawa, kaziye daga kotu, wato takardar shaidar rashin laifi, takardar makarantar sana'a in kana da ita, in babu ubangidanka ya rubuta maka shaidar shekarun da ka yi a garejinsa. Fasfo kuma naka ne, doka ta hana kafili riƙe shi.

Kwantiragi in ya zo da harshe biyu, na Larabcin ake bi in rigima ta tashi. Alhamdulillahi ba mu rasa masu Larabci a Birni da Zongo ba, ka kai wa malami ya karanta maka layi layi: albashi, masauki, awannin aiki, da mihna.

Ka koma wurin mutumin nan yau ka ce ya ba ka sunan kamfanin, da lambar bizar, da sana'ar da ke rubuce a kanta. Abin da ya ba ka ka turo mini ta gefe in duba. Allah ya buɗa mana hanyar halal. Wassalamu alaikum.