Hukuncin taimaka wa abokin aiki wajen kafa zauren taron marasa addini

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina aiki a wurin da yawancin abokan aikina ba Musulmi ba ne. Akwai wani a cikinsu da ya riƙe ni da amana tun zuwana, ya tsaya mini a wurare da dama. Bai yarda akwai Allah ba, amma bai taɓa zagin addinina ba. Yanzu yana so ya kafa taron mako-mako domin irinsa da duk wanda ba ya bin wani addini: a haɗu, a rera waƙoƙi, wani ya yi lacca, sannan a riƙa fita taimakon mabukata. Ya roƙe ni in gina musu shafin intanet tunda sana'ata ce, in shiga kwamitin da zai yi rajista, in kuma riƙa leƙowa. Ya ce ba yaƙi da addini za su yi ba. Shin ya halatta? In bai halatta ba, yaya zan yi kada in zama butulu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, bai halatta ka shiga kwamitin nan ba, bai halatta ka gina musu shafin ba, ko da za a biya ka. Amma kyautata wa mutumin nan da rama masa alheri abu ne da addininka yake nema daga gare ka.

Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin, don haka bari mu fara sanin irin wannan taro. Ba abokinka ne ya ƙirƙiro shi ba. A ƙarni na 19 wani masanin falsafa ɗan Faransa, Auguste Comte, ya tsara abin da ya kira addinin ɗan'adamtaka, da limamansa da ranakun bukukuwansa, amma babu Allah a ciki. A watan Janairun 2013 wasu masu wasan barkwanci biyu, Sanderson Jones da Pippa Evans, suka buɗe Sunday Assembly a Landan, a cikin wani tsohon coci da aka daina ibada a cikinsa. Ya yi rassa a Birtaniya da Amurka da Ostireliya, daga baya da yawa suka rufe. Kuma suna da jama'ar da suke nema, domin a ƙidayar 2021 kusan kashi 37 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini. A takardar manufofin da suka fara da ita sun bayyana cewa ba su da abin bauta, cewa daga babu muka fito kuma babu za mu koma, saboda haka a ji daɗin rayuwa tare. Wannan magana aƙida ce, ko da masu ita sun ce ba su da aƙida, kuma Alƙur'ani ya riga ya hakaito ta a aya ta 24 ta Suratul Jasiya, daga bakin waɗanda suka ce babu wata rayuwa sai wannan ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, babu mai halaka mu sai zamani.

Na yarda abokinka gaskiya yake faɗa da ya ce ba yaƙi da addini ya kawo shi ba. Sai dai illar irin wannan zaure ba a zage-zage take ba. Allah ya halicci mutum a kan fiɗira, wato ɗabi'ar asali ta karkata ga Mahaliccinsa, kamar yadda aya ta 30 ta Suratur Rum ta faɗa, shi ya sa wanda ya bar addini yakan ji wani giɓi a ransa: kaɗaici, rashin inda zai kai godiyarsa, rashin wanda zai kira idan dare ya yi masa tsawo. Wannan giɓin rahama ce, shi ne yake hana shi zama, yake tura shi bincike, kuma ta nan mutane da yawa suka dawo. Zauren da ake son kafawa yana ɗaukar siffar ibada, wato haɗuwa a rana ayyananna da wa'azi da sadaka, ya cire wanda ake bautawa, sannan ya miƙa wa mai shakka ya ce ga shi, ka samu abin da ka rasa. Kamar maganin kashe zafi ne ga mai ciwon da tiyata yake buƙata. Wasu daga cikin masu zuwa irin wannan wuri ma ba masu musun samuwar Allah ba ne na gani-kashe-ni, mutane ne da suke tsakiyar hanya, har da 'ya'yan Musulmi da shakka ta kama. Wanda ya gina musu wurin da za su sauke kaya su daina tafiya ya taimaka a kan zunubi mafi girma, alhali Allah ya ce a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida mu taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa, kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka.

Za ka iya cewa ai sana'a ce kawai. Mu'amala da wanda ba Musulmi ba halal ce a asalinta. Annabi (SAW) ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ hayar nuna hanya a lokacin hijira yana mushiriki, kuma ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude. Da abokinka shafin kasuwancinsa ya ce ka gina masa, da na ce ka gina, ka kuma kyautata aikin. Amma idan ka san ainihin abin da za a yi da aikinka haramun ne, hukunci yana canjawa, kamar mai sayar da inabi ga wanda ya tabbata giya zai yi da shi. Imamu Malik ya hana mutum ya sayar ko ya ba da hayar gidansa ga wanda zai mayar da shi coci, kuma a kan haka mafi yawan malamai suke. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa a wasu surori na hayar gida, manyan almajiransa biyu kuma suka saɓa masa. Ko wannan sassaucin bai kai ga mas'alarka ba, domin shafin intanet shi ne bakin da zauren zai yi kira da shi, kai ne za ka tsara kiran da hannunka. Sa suna a kwamiti ya fi wannan nauyi. Ba na cewa wanda ya aikata haka ya fita daga Musulunci matuƙar zuciyarsa tana ƙin kafirci, amma ya ɗauki zunubi babba.

Halarta kuwa, idan ana izgili da ayoyin Allah, tashi wajibi ne da nassin aya ta 140 ta Suratun Nisa'i. Idan ba a yi, zaman mako-mako duk da haka ƙara musu yawa ne, kuma zuciya tana sabawa da abin da ta daɗe tana ji. Na ware hali guda: a gayyaci mai ilimi ya yi bayanin Musulunci. Annabi (SAW) ya taɓa tsayawa a majalisar da ta haɗa Musulmi da mushirikai da Yahudawa, ya yi sallama, ya kira su zuwa ga Allah, ya karanta musu Alƙur'ani. Wanda bai ƙware wajen warware shubuhohi ba kada ya jarraba kansa.

Aikin taimakon mabukata daban ne. Annabi (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an kafin annabci, inda Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, daga baya ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci zai amsa. Ka ciyar da mayunwaci tare da abokinka, ka ba da jini tare da shi, amma ba a ƙarƙashin tutar zauren ba, inda hotonka zai zama talla.

Tsoron butulci da ka yi ya faranta mini rai, domin halin mumini ne. Muɗ'im ɗan Adiyyu ya ba Annabi (SAW) kariya da ya dawo daga Ɗa'ifa, kuma ya mutu yana mushiriki. Bayan Badar Annabi ya ce da Muɗ'im yana raye ya yi masa magana a kan fursunonin nan, da ya sake su dominsa. Jubairu ɗan Muɗ'im ya zo Madina a kan batun fursunonin, ya ji Annabi yana karanta Suratuɗ Ɗur a sallar magariba: shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar? Ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama, kuma daga baya ya musulunta. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ba ka damar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe ka don addini ba. Ka duba abokinka idan ba shi da lafiya, ka tsaya masa a wurin aiki, ka roƙa masa shiriya. Haramun ne ka yi wa taron zagon ƙasa, ko ka tunzura wani a kansa, ko ka zage shi. Babu tilas a addini, kuma amanar zaman tare tana wuyanka.

Abin da yake ci mini rai shi ne, duk abin da waɗannan mutane suke nema muna da shi sau biyar a rana, amma baƙo yana iya shekara a masallaci ba wanda ya san sunansa, kuma matashin da ya kawo tambaya mai wuya sau da yawa tsawa yake sha. Limamai da kwamitocin masallatai su ji wannan.

Idan za ka ba abokinka amsa, ka same shi shi kaɗai, kada ka fake da cewa ba ka da lokaci. Ka gaya masa cewa ka yi imani akwai Allah kuma akwai hisabi, ba za ka iya gina wurin da aka kafa a kan akasin haka ba, kamar yadda shi ma ba za ka nemi ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba. In kana da hali ka yi masa tayin wani aikin na kansa kyauta.

Wallahu a'alamu.