Kwas na kwana biyu ba ya mai da mutum koci

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kamfaninku na Bauchi zai horar da mutum biyu su zama kocin Agile, wato hanyar gudanar da aikin tawaga, musamman na haɗa manhaja, kashi-kashi cikin gajerun zanguna, kana tambaya ko kwas na kwana biyu da satifiket ya isa su gane abin da ke damun tawaga har su gyara. Bai isa ba. Ni ma da satifiket ɗin na fara, kuma na sha kunya.

Abin da ake koyarwa a kwas ɗin ba shi da yawa. Littafin Jagoran Scrum (ɗaya daga cikin hanyoyin Agile) na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, wanda aka sabunta a 2020, bai kai shafi 20 ba: tawaga mutum 10 ko ƙasa da haka, zangon aiki kada ya wuce wata ɗaya, taron tsaye na minti 15 kullum, sai taron bita a ƙarshen zango. A dare ɗaya za ka haddace. Amma mutum 17 ɗin da suka haɗu a Utah ta Amurka a 2001 suka rubuta ƙa'idojin Agile, abin da suka sa a farko shi ne mutane da mu'amalarsu sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci. Wannan kuwa ba a haddace shi.

Aikina na farko a Gombe ne, tawagar mutum bakwai masu haɗa manhajar karɓar kuɗin makaranta. Oga ya ce min yaran sun yi lalaci, ba sa gama aiki a kan lokaci. Na yarda. Na kafa allo, na manna katuna, kowanne da aiki ɗaya a rubuce, na tsayar da su kowace safiya. A taron bita in na ce me ya faru, sai "lafiya lau", sai "Alhamdu lillahi". Zango uku muna haka, ina ta murna wai tawagata ba ta da rigima. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Oga yana zaune a taron, ga kuma babban cikinsu wanda shi ya koya wa biyu daga ciki rubuta manhaja. Wane yaro ne a garin nan zai buɗe baki gaban ubangidansa da malaminsa ya ce ga inda aka yi kuskure?

Sai na roƙi oga ya ba mu awa ɗaya mu kaɗai. Na yanka takarda, na raba biro iri ɗaya, na ce kowa ya rubuta abin da ya fi cin ransa ba tare da suna ba, na cire hulata aka zuba a ciki. Biyar cikin bakwai abu ɗaya suka rubuta: oga yana turo saƙon murya ta WhatsApp da daddare, kai tsaye ga wanda ya ga dama, ya canza masa aiki. Da safe mutum ya rasa wanne zai bi, na allo ko na waya. Muka ƙirga katunan da aka fara ba a gama ba, 14 ga mutum bakwai.

Ban tunkari oga gaban yara ba, da an yi haka da an gama da ni ranar. Bayan la'asar na same shi shi kaɗai, na bi da shi ta dabarar nan ta kamfanin Toyota, ka tambayi "me ya sa" har sau biyar. Sai ga shi shi ma matsa masa ake yi: masu makarantu suna kiransa, shi kuma yana jin nauyin ce musu su jira. Muka yi yarjejeniya duk sabon buƙata ya shiga jerin jira sai farkon zango, in ba manhaja ce ta tsaya cak ba, kuma kada kowa ya riƙe katin aiki fiye da ɗaya.

Don haka in ni ne kai, bayan kwas zan zaunar da mutanen nan biyu zango biyu cikin wata tawaga, ba su da izinin magana, sai littafi da biro. Su rubuta wa ke fara magana, wa ake kallo kafin a amsa, wane kati ne ya yi mako bai motsa ba, ko matan da ke tawagar suna samun damar ƙarasa maganarsu. Sannan ku riƙa gwajin rigima a tsakaninku, ɗaya ya zama oga mai zafi, ɗaya ya zama yaro mai kunya, kuma da Hausa, don na lura in taro da Turanci ne, masu Turancin ne kawai ke faɗin matsala, sauran shiru. Ku sanar da su abin da masanin halayyar ɗan Adam Bruce Tuckman ya bayyana a 1965, cewa sabuwar tawaga takan bi ta zangon saɓani kafin ta daidaita, kada su firgita da gardamar farko.

Su kuma san abin da ba nasu ba. Tawagar da ke bin albashin wata biyu, ko take wuni ba wuta ba man janareta, kada a ce koci ya gyara ta da katuna. Ya rubuta ya kai sama. Kuma ku yanke tun yanzu cewa abin da aka faɗa a taron bita ba zai koma kunnen oga da sunan mai shi ba, ko da oga ne ke biyan kocin.